Abin yanka takarda: wanne ya kamata ka saya, kuma ya za ka yi yankan ya fito a miƙe

Toh jama'a, ma'aikatan ofis da malaman makaranta da masu ɗan buga kati a gida, yau maganar abin yanka takarda za mu yi. In takarda ɗaya ce ko biyu almakashi ya isa, ko ka ɗora rula ka bi da reza, amma ranar da aka ce ka raba takardun jarabawa ɗari biyu gida biyu ko ka yanke katin shaidar ɗalibai na aji guda, ranar za ka san hannun mutum ba ya tafiya a miƙe. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, mafi yawan yankan da ke fitowa a karkace ba laifin wuƙar ba ne, takardar ce ta goce lokacin da wuƙar ke sauka. In ka gane wannan to ka gane rabin abin da za ka duba wajen saye, da kusan duk abin da za ka kiyaye wajen aiki.

Iri uku ne za ka fi cin karo da su. Na farko shi ne mai dogon hannu, wanda ake cewa gilotin, faffaɗan allo ne mai layukan awo, a gefen dama akwai doguwar wuƙa da kake ɗagawa ka sauke. Abin ya daɗe, wani Bafaranshe Guillaume Massiquot ya yi wa injin yankan takarda rajista tun 1844. Aikinsa kamar na almakashi ne, wuƙar sama tana gogar wani ƙarfe da ke bakin allon, yankan ya fara daga can sama ya gangaro zuwa wajenka. Yana da sauri, yana cin kwali, na ofis na yau da kullum yakan ɗauki takarda 10 zuwa 15 a lokaci guda, manya su fi haka. Matsalarsa biyu, wuƙar a buɗe take, sannan da yake yankan daga gefe ɗaya yake farawa yana tura takardar, in ba a danne ta da kyau ba sai ka ga ta sama daban ta ƙasa daban.

Na biyu mai faifai, wato rotari. Shi ƙaramar wuƙa ce zagayayya a cikin gidan roba ko na ƙarfe, tana tafiya a kan wani dogon ƙarfe kamar layin dogo, kai dai ka tura ta ta bi ta kan takardar. Ba ya ɗaukar da yawa, ƙananan 5 zuwa 10 ne, amma wallahi wajen daidaito babu kamarsa, za ka iya cire siririn zare na milimita 1 daga bakin hoto ba tare da ya yage ba. Hoto, satifiket, abin da aka yi wa laminatin, fasta mai faɗi, duk nasa ne. Kuma yatsa ba ya kaiwa ga kaifin sai in mutum ya nema da gangan, shi ya sa ni in don makaranta ne ko gidan da ke da yara ba na ma tsayawa dogon tunani, rotari kawai. Masu bahagon hannu ma sun fi jin daɗinsa, don da yawansu suna yanka gaba da baya.

Na uku shi ne babba mai matsewa, wanda ke yanka tulin takarda 300 ko 400 a bugu ɗaya. Yana da wata ƙafa da ake murzawa ta sauko ta matse takardun gam, sannan a ja hannu wuƙa ta nutse har ƙasa. Wannan na masu ɗinkin littafi ne da masu buga rasit da fom da yawa, yana da nauyi sosai, ba abin ɗauka ka kai nan ka kai can ba ne. Akwai kuma na lantarki na gidajen ɗab'i, wannan wani zance ne daban, mu bar shi.

Kafin ka zaɓa ka zauna ka tambayi kanka me ka fi yankawa, kuma nawa a rana. Ba abin da za ka yanka sau ɗaya a shekara ba, a'a, na kullum.

Sai girma. A4 faɗinta milimita 210 tsawonta 297, A3 kuma 297 da 420. In kana so ka yanka A4 ta tsawonta dole bakin yankan ya wuce santimita 30, shi ya sa za ka ga ana rubuta inci 12 ko santimita 32 ko 33. Irin wannan zai raba maka A3 gida biyu ma, tunda faɗinta 297 ne, amma ba zai gyara mata dogon gefe ba, wannan sai mai inci 18, kusan santimita 46. Mutane da yawa suna sayen ƙarami don ba ya cin wuri a tebur, daga baya aikin fasta ya taso su koma reza da rula. Ka kuma duba layukan da ke kan allon, in na santimita ne da alamun A4, A5, A6 to madalla, wasu an yi su ne don kasuwar Amurka inda takardarsu inci 8.5 da 11 ce, duk alamun da ke kai ba za su yi daidai da taka takardar ba.

Yanzu maganar lambar da ake rubutawa a jikin kwali, "yana yanka takarda 12" ko "20". Ɗan'uwa kar ka ɗauke ta a zahiri. Da takarda mara kauri ake auna ta, giram 70 ko 80, da sabuwar wuƙa fil, kuma iyakar ƙarfinsa ke nan ba inda yake yanka da kyau ba. Ni shawarata ka raba lambar biyu, ko ka ɗauki kashi biyu cikin uku, nan ne wurin aikinka. Ka riƙa lissafi da kauri ma ba da ƙirga ba: takarda mai giram 80 guda goma kusan milimita 1 ce, rim guda mai 500 kusan santimita 5, kati mai giram 300 kuwa ɗaya tamkar takarda uku ko huɗu ne. Kaga injin da aka ce na takarda 12, kati uku ne iyakarsa, biyu ne wurin aikinka.

In kana gaban injin ne kafin ka biya, ga abubuwan da hannunka zai gaya maka. Ka danna tsakiyar allon, in yana lanƙwasa ko yana rawa a kan tebur ka ajiye shi, allon ƙarfe ko katako mai nauyi da ƙafafun roba shi ne ba ya zamewa. Ka ɗaga hannun gilotin zuwa rabi ka saki, ya kamata ya tsaya inda ka bar shi, in ya faɗo da kansa to sifirin ɗinsa ya saki kuma wata rana a kan yatsan wani zai faɗo. Ka girgiza hannun wuƙar zuwa hagu da dama, kar ya yi wasa. Ka duba yana da sakatar kulle wuƙa, yana da garkuwar yatsu ta roba, sannan uwa uba yana da abin danne takarda, ko wanda kake dannawa da hannu ko wanda ke sauka da kansa in wuƙa ta taho. Gilotin mara abin dannewa ni ban ga amfanin sayensa ba sai dai in takarda biyu uku kake yankawa. A rotari kuma ka tambaya ko ana samun wuƙar canji da robar da wuƙar ke bi ta kai, don ƙananan a kan wata siririyar roba suke yanka, tana cinyewa, ana juya ta kafin a canza. Masu tsada irin na kamfanonin Dahle da Rotatrim wuƙar a jikin ƙarfe take goga tana wasa kanta, sun fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi na gane ko injin yana yanka a kusurwa daidai. Ka jingina takarda biyu da rular sama, wato rular da ke manne a can saman allon, ka yanke su tare, sai ka kifa ɗaya a kan ɗaya, gefen da ya jingina da rular ya haɗu da ɗan'uwansa. In bakin yankan ya hau kan juna daidai shikenan, in kuwa ka ga sun buɗe ta gefe ɗaya sun haɗe ta ɗayan, to rular ce a karkace. Wasu akwai sukurori a jiki ana sassautawa a gyara, wasu kuma a haka aka zuba su, babu gyara.

Toh ka saya, ya ake yankan? Ka ɗora shi a tebur mai ƙarfi wanda ba ya girgiɗi, ka tsaya a tsaye in gilotin ne. Kafin komai ka bi takardun ka cire fin ɗin sitefila da kilif, fin ɗaya tak ya isa ya yi wa wuƙa giɓi, daga ranar duk takardar da ka yanka sai ta fito da ɗan tabo a wuri ɗaya. Ka kaɗa takardun iska ta shiga tsakaninsu, ka bubbuga su a tebur ta gefe biyu har bakinsu ya zama ɗaya. Ka tura su su jingina da rular sama sosai, kar ka dogara da layukan allo kaɗai, ido yana yaudara. In akwai madogarar baya mai zamewa ka saita ta a awon da kake so ka ɗaure, misali raba A4 zuwa A5 santimita 14.85 ne, ka gwada da takardar banza tukuna, ka haɗa ɓangarorin biyu ka gani ko sun yi daidai kafin ka taɓa aikin gaske. Hannun hagu ya danne a bayan garkuwa, na dama ya sauke wuƙar a tafiya ɗaya, ba da sara ba kuma ba tsayawa a tsakiya, sannan kana saukewa kana ɗan jan hannun wuƙar zuwa jikin allon don wuƙar ta manne da ƙarfen. Wannan ɗan jan shi ne sirrin, in ka bar rata tsakaninsu takardar lanƙwashewa take yi ta shige ciki maimakon ta yanku. Guntayen da ke faɗuwa ka bar su su faɗi, kar ka kai hannu ka tare. A rotari ka fara da wuƙar a wajen takardar, ka danna daidai wa daida ka tura sau ɗaya, yawan kai da kawowa a layi ɗaya shi ke sa baki ya yi gashi-gashi.

Bari in ɗan tsaya a kan katin kasuwanci don nan ne mutane ke ɓata aiki. Kati mai milimita 85 da 55 guda goma ke shiga A4, layi biyu biyar-biyar, kuma alamun yanka, wato 'yan layukan da ke nuna inda za a yanka, a gefen takardar suke. In ka fara da zagaye gefunan ka yanke su to ka zubar da alamun, sauran sai lalube. Ka fara tsaga takardar a tsakiya, kowane ɓangare yana nan da alamunsa na gefe kuma ya samu baki ɗaya mai kyau. Wannan bakin shi za ka jingina da rula ka yi yankan kwance ɗaya bayan ɗaya. Saura gefe ɗaya kenan a kowane kati, sai ka ɗaure madogara a 85 ka riƙa tara su uku-uku kana datsewa. Kuma alamun za ka bi ba bakin takardar ba, don firinta takan ɗan ja takarda gefe, milimita 1 ko 2, ba ka sani ba. In katin yana da launi har baki, tun wajen zane ka bar launin ya zarce layin yanka da milimita 3, in ba haka ba farin zare zai riƙa leƙowa.

Abin da aka yi wa laminatin ka bar shi ya huce tukuna, ka yanka ɗaya-ɗaya, kuma ka bar wa robar ɗan baki na milimita 2 ko 3 a zagaye, in ka yanka daf da takardar za ta ɗaye ruwa ya shiga. Sitika da duk abin da ke da gam ko salatif suna barin danƙo a wuƙa, da ka gama ka ɗiga sifirit a tsumma ka goge, daga gadon wuƙar zuwa baki, kar ka bi tsawon kaifin da yatsa. Takarda mai damshi ba ta yankuwa, taunewa take yi. Yadi, ƙarfe, roba mai tauri, waya, don Allah a nema musu abin yankansu daban.

In ka ga ya fara taunar takarda kar ka yi saurin cewa wuƙa ta dakushe. Ka rage yawan takardun ka gani, ka duba notin da ke riƙe hannun ko ya saki, ka goge danƙo, a rotari ka juya robar ƙasa. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa. In duk ka yi bai daina ba to wasawa ta zo, ta gilotin ana kuncewa a kai wa mai wasa wuƙaƙen inji, ta rotari kuma canzawa ake yi, ka naɗe tsohuwar a kwali ka liƙe kafin ka jefar saboda mai kwashe shara. Ɗigon man keken ɗinki a mahaɗar hannun lokaci-lokaci ya isa, ka goge wanda ya malalo kar ya ɓata maka takarda, ka kuma ajiye shi inda babu laima saboda tsatsa.

A ofis ko ɗakin malamai ku sa doka ɗaya, mutum ɗaya ne ke aiki da shi a lokaci guda, ba wani ya riƙe takarda wani ya sauke wuƙa ba. Duk wanda ya gama ya sauke hannun ya sa sakata, ko da minti biyu zai fita. In za a ɗauke shi a tallabo allon da hannu biyu, kar a ɗaga ta hannun wuƙar. Ɗalibi kuwa in dole sai ya yi yanka da kansa a ba shi rotari, gilotin ya zauna a cikin kabad a kulle, makullin a wajen malami.