Yadda za ka gyara jerin boot daga Terminal ba sai ka shiga BIOS ba

Duk mai Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya wataƙila ya taɓa ganin wannan, Windows ya yi ofdet, ka kunna da safe sai ka tsinci kanka a Windows kai tsaye, GRUB, wato menu ɗin da ke ba ka zaɓin Ubuntu ko Windows, ya ɓace ɓat. Abin da ke min ciwo shi ne wasu sai su ɗauka Linux ɗin ya gogu su je su yi fomat, alhali yana nan lafiya lau, jerin da firmware (wato BIOS, furogiram ɗin da ke fara aiki da ka kunna) ke bi wajen tayar da kwamfutar ne kawai ya canza. Kuma ana gyara shi da ɗan ƙaramin furogiram mai suna efibootmgr, ko da maɓallin F2 ko F12 ɗinka na shiga BIOS ko menu na boot ya mutu.

Fara shiga Linux tukuna. Daga Windows ka riƙe Shift ka danna Restart, ka zaɓi Use a device, za ka ga ubuntu a ciki. In babu, tashi da filash mai Ubuntu a kai. Sai ka buɗe Terminal ka rubuta:

sudo efibootmgr

Zai jero maka BootCurrent, wato wanda kake kai yanzu, sai BootOrder, a ƙasa kuma layuka irin Boot0000* Windows Boot Manager da Boot0001* ubuntu. Tauraron nan na gefe yana nufin a kunne yake. In kuwa ya ce EFI variables are not supported, to a Legacy ka tashi, wato tsohon tsarin boot, sake tayar da filash ɗin ta UEFI, sabon tsarin.

Don Allah kar ka kwafi lambobina, duba naka, don kowace kwamfuta da nata. A ce ubuntu 0001 ne Windows kuma 0000:

sudo efibootmgr -o 0001,0000

Shi ke nan, wanda ka fara rubutawa shi zai fara tashi. Ni dai na fi son in gwada da -n tukuna, sudo efibootmgr -n 0001, wannan sau ɗaya tak zai yi aiki sannan komai ya koma yadda yake, ka ga ko ka yi kuskure ba asarar komai.

Inda nake so ka nutsu shi ne wajen gogewa. sudo efibootmgr -b 0003 -B yana cire layin 0003 gaba ɗaya, kuma bayanan nan ba a had disk suke ba, suna cikin NVRAM ne, wata 'yar ƙaramar ma'ajiya a kan madabod. A 2016 an samu laftof ɗin da suka ƙi tashi kwata-kwata bayan an goge abin da ke cikin /sys/firmware/efi/efivars, saboda haka kar ma ka taɓa foldar nan da rm, umarnin goge fayil.

Akwai kwamfutocin da firmware ɗinsu ke da taurin kai, ka gyara ta sake mayar da Windows gaba. In taka haka take, rubuta systemctl reboot --firmware-setup, zai kai ka cikin BIOS ɗin da kansa ka canza daga can.