Yadda za ka raɗa wa tauraron labarinka sunan Basine ko Ba'indiye ba tare da ka yi kwaɓa ba

A ce wani baƙo ya rubuta labari, ya kafa jaruminsa a Fagge, Bakano gaba da baya, sannan ya sa masa suna Emeka Adewale. Tun shafin farko za ka ajiye littafin. To irin wannan aika-aikar muke yi wa Sinawa da Indiyawa a labaranmu na intanet. An kai jaruma asibiti a Indiya, sai likita ya fito da suna Rahul Khan kuma yana zuwa coci. Alhaji ya je saro kaya Guangzhou, sai dillalinsa ya zama Mista Tanaka, alhali Tanaka sunan Japanawa ne, kamar yadda Kim da Park suke na Koriya.

Matakin farko, kada ka fara da suna. Ɗauki takarda ka amsa tambaya uku a kan mutumin: a wane yanki aka haife shi, a wace shekara, kuma wane addini gidansu ke bi. Idan ka amsa waɗannan, rabin sunan ya riga ya fito da kansa.

Mu fara da Sin, don ta fi sauƙi. Sunan dangi shi ke zuwa gaba, sunan yanka ya biyo baya. A Xi Jinping, Xi ne sunan dangi, shi ya sa ake cewa Shugaba Xi. Yawancin sunayen dangi gaɓa ɗaya ne, kuma kaɗan ne suka mamaye ƙasar: Wang da Li da Zhang kowannensu na da masu shi wajen miliyan 100, sai Liu da Chen. Don haka kada ka wahalar da kanka neman baƙon suna, zaɓi cikin waɗannan. Mace kuma ba ta canza sunan danginta don ta yi aure, matar Wang tana nan a Li ɗinta.

Daga nan sai ka duba rubutun sunan, domin shi ke tona asalin mutum. Babban yankin Sin yana bin Pinyin, tsarin rubuta Sinanci da haruffan boko, da aka amince da shi a 1958. Wanda ake rubuta wa Chen a Beijing, a Hong Kong Chan ne, a Singafo kuwa sau da yawa Tan. Zhang ya koma Cheung a Hong Kong. Ka tsaya a kan tsari ɗaya, kar ka haɗa wa da ƙani ɗaya Chen ɗaya Chan. Wajen furuci, X na kusa da "sh", Q na kusa da "c" ɗinmu, Zh kuma kamar "j".

Sunan yanka shi ne inda shekarar haihuwa ke aiki. Jianguo, wato gina ƙasa, ya yi tashe ga waɗanda aka haifa bayan kafa jamhuriyar a 1949, yanzu sunan dattawa ne. Weidong da Weihong na zamanin juyin al'adu ne, 1966 zuwa 1976. Yaran wannan ƙarnin su ne su Haoran, Zihan da Xinyi. Sa wa ɗan shekara ashirin Jianguo kamar ka kira 'yar jami'ar yau da sunan kakarta ne. Kuma ga inda muka sha bamban da su: mu mukan yi wa mahaifi takwara mu riƙa kiran yaron Abba, su kuwa a al'adance ana guje wa maimaita sunan na gaba. Abin da sukan yi shi ne 'yan'uwa su yi tarayya a gaɓa ɗaya, kamar Mao Zedong da ƙannensa Zemin da Zetan. Idan Musulmi kake so daga ƙabilar Hui, Ma ne sunan dangin da ya fi yawa a cikinsu.

Indiya ce mai aiki. Fina-finan da muka taso da su sun sa mun ɗauka kowa Kapoor ne ko Malhotra, alhali waɗannan na wani rukunin mutanen Punjab ne kawai, a ƙasar da tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22. A can sunan dangi yakan faɗi jiha, harshe, addini, har da matsayin gida a tsarin ajin haihuwa. Patel daga Gujarat yake. Banerjee da Mukherjee mutanen Bengal ne, 'yan ajin Brahmin, wato ajin malaman addinin Hindu. Reddy na masu harshen Telugu ne, Nair da Menon na Kerala, sunan da ya ƙare da "kar" irin Tendulkar kuwa a Maharashtra ya fi yawa. Idan tauraronka ɗan kasuwar Indiya ne da iyayensa suka daɗe a Legas ko Kano, duba sunayen Sindhi masu ƙarewa da "ani", domin 'yan wannan al'umma sun jima suna fatauci a Afirka ta Yamma.

Sai addini. Mai rawani ɗan Sikh, namiji Singh ne mace Kaur, tun tsarin da Guru Gobind Singh ya kafa a 1699, kuma sunan yanka irin Harpreet na maza ne da mata duka. Musulmi, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun kai kashi 14 cikin ɗari, za ka ji Ansari, Qureshi, Siddiqui ko Khan, tare da sunan yanka irin namu. Kirista daga Goa yakan zama Fernandes ko D'Souza, gadon Turawan Fotugal.

Wanda ya fi kayar da marubuta shi ne kudu. Yawancin Tamil ba su da sunan dangi. Sunan uba ake sakawa a gaba, sau da yawa harafinsa na farko kaɗai. Zakaran wasan dara na ces Viswanathan Anand, Anand ne sunansa, Viswanathan mahaifinsa ne. Likitanka na Chennai, birnin Tamil, zai fi zama daram a R. Karthik fiye da kowane Sharma na arewa.

Bayan ka samu sunan, yanke yadda kowa zai kira shi a cikin hira, don a nan ne labari ke yin rai. Abokan aiki a Sin na ce wa babba Lao Wang, ƙarami Xiao Li, malami kuma Wang Laoshi. A arewacin Indiya ana liƙa "ji" don girmamawa, yaya mace didi, namiji bhaiya, Tamil kuwa su ce akka da anna. Tsohuwar da ta taso a gidan gargajiya ba za ta ambaci sunan mijinta ba, irin kunyar da iyayenmu mata ke yi.

Kafin ka saki babin farko, rubuta cikakken sunan a Google. Idan ya fito da mutane da yawa daga yankin da ka zaɓa, ka dace. Idan wani fitaccen ɗan siyasa ko ɗan wasa ne ya cika shafin, canza sunan yanka. Idan kuwa babu kowa sam, wataƙila ka haɗa gaɓoɓin da ba sa haɗuwa, sai ka koma kan takardar tambayoyinka uku.