Yadda Ake Neman Aikin Gwamnati Daga Jihar Kebbi

Mai son aikin gwamnati ya kamata ya fara da gyaran takardunsa tun kafin a fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikata, domin wa'adin da ake bayarwa bai cika wuce 'yan makonni ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abubuwan da ake tambaya su ne shaidar karatu tun daga firamare, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, da lambar NIN mai alƙaluma 11, da takardar shaidar zama ɗan asalin ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar. Mai digiri ko babbar difloma zai haɗa da takardar kammala bautar ƙasa, ko ta yafewa idan ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu. Takardar asali tana da nauyi ƙwarai a aikin tarayya, saboda sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta raba daidai tsakanin sassan ƙasa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne suna da ranar haihuwa. Sai ka ga mutum ɗaya yana Muhammad Sani a takardar firamare, a sakamakon WAEC ya koma Sani Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuma an liƙa masa Jega ko Argungu, kamar yadda muka saba jingina suna da gari. A gida kowa ya san shi ne, amma jami'in tantancewa takarda yake karantawa, kuma yana iya ajiye fayil ɗin gefe ba tare da dogon bayani ba. Maganin wannan shi ne rantsuwa a kotu da gyara a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN da katin ɗan ƙasa, tun da wuri. Rage shekaru kuwa ba dabara ba ce, domin da ranar da aka rubuta za a lissafa ritaya, wato cikar shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki ga mafi yawan ma'aikata, kuma duk wani saɓani yakan taso daidai lokacin neman fansho.

Daga nan sai mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Aikin ma'aikatun jiha yana hannun Hukumar Kula da Ma'aikata da ke Birnin Kebbi, malaman firamare suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), inda rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa (TRCN) take da muhimmanci, ma'aikatun tarayya kuma suna da tasu hukumar a Abuja. A bisa tsari, mai takardar shaidar malanta ta NCE yana farawa daga matakin albashi na 07, mai digiri daga na 08. A riƙa sauraron rediyon jiha da duba shafukan hukumomi, waɗanda adireshinsu kan ƙare da .gov.ng. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗi don ya samo gurbi, ko da ya rantse yana da hanya a sama, a guje shi.

Idan a shagon intanet za a cike fom, mai nema ya zauna kusa da yaron da ke kan kwamfuta, ya tabbatar lambar wayarsa da imel ɗinsa aka saka, ba na mai shago ba, domin ta nan gayyatar jarrabawa za ta zo. Ya karanta kowane layi kafin a tura, sannan ya buga takardar shaidar cikewa ya adana.

Ranar ganawa a je da takardu na asali tare da kwafi, cikin shiga ta kamala. Wanda Allah ya ba shi sa'a ya karɓi takardar kama aiki, ya rubuta amincewarsa cikin wa'adin da aka ɗiba, ya kuma sani cewa sai ya yi shekara 2 na gwaji kafin a tabbatar da shi.