Kurakuran da ake tafkawa wajen sabunta oba-oban masu agajin gaggawa

Duk sanda aka ce za a canza wa 'yan kwana-kwana ko masu motar asibiti kayan sadarwa, hankalin manya yakan tafi ne kan na'urar da ake riƙewa a hannu, sabuwa dal mai allo, a ɗau hoto da ita ranar ƙaddamarwa. Alhali oba-oban ita ce mai sauƙi a cikin lamarin.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne a kashe tsohon tsari a kunna sabo rana ɗaya. Landan ta ɗanɗana kuɗarta a watan Oktoban 1992, hukumar motocin asibitinsu ta kunna sabuwar manhajar kwamfuta mai rarraba kira ba a gama gwada ta ba, ma'aikata ma ba su saba da ita ba, sai kira ya dinga taruwa, kwamfuta ta kasa gane inda motoci suke, a tura mota biyu waje ɗaya wani wajen kuma ko ɗaya babu, marasa lafiya na jira awa da awanni, cikin 'yan kwanaki dole aka koma biro da takarda. Gyaran fa ba wuya, a bar tsohon yana aiki tare da sabon na wasu makonni, a fara da tasha ɗaya ko biyu, kuma ko bayan komai ya zauna a ci gaba da atisayen karɓar kira da hannu.

Sai maganar dijital. Mutane na zaton da an koma dijital shi kenan murya za ta fito tar ko'ina. Ina! Tsohon analog in ka yi nisa sai ya fara shuuu amma kana tsintar magana, ka san ka kusa fita daga inda sigina ke kaiwa. Dijital kuwa ras yake har inda zai ɗauke ɗif ba sallama. Dan haka kar a dogara da taswirar sigina da ɗan kwangila ya zana a kwamfuta, a ɗauki rediyon a sauka da shi ƙarƙashin gini, a hau matakalar dogon bene, a shiga lif, a je bayan dutse, a gwada shi kusa da injin famfo yana ruri, mai maganar kuma yana sanye da abin shaƙar iska a fuska, domin hayaniya tana dagula muryar dijital sosai. Inda sigina bai kai ba a dasa na'urar da ke maimaita shi, sannan a koya wa kowa yadda zai juya rediyonsa ya yi magana kai tsaye da na kusa da shi ba sai ta bi ta turken sadarwa ba.

Wani kuma, kowace hukuma ta je ta sayo nata ba shawara. Ranar 11 ga Satumban 2001 a New York, 'yan sandan da ke cikin helikwafta sun yi gargaɗin benen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da aka kai wa hari na iya ruftawa, saƙon bai isa ga 'yan kwana-kwana da yawa ba saboda rediyonsu daban, 343 daga cikinsu suka rasu a ranar. Akwai sanannun ƙa'idojin rediyon dijital, TETRA da ya yaɗu a Turai, P25 na Amurka, da DMR mai rangwame, amma ko iri ɗaya kuka saya in ba ku yarda kan tasha ta haɗin gwiwa da makullin sirri ɗaya ba, ba za ku ji juna ba. A zauna a daidaita wannan kafin a sa hannu a kwangila, kuma ranar aikin haɗaka a bar magana da lambobin da kowace hukuma ke amfani da su a madadin kalmomi, a faɗi abu da sunansa.

Wutar lantarki kuwa kullum ita ake mantawa. Lokacin guguwar Katrina a Amurka a 2005 turakun sadarwa sun faɗi, ruwa ya shanye janaretoci. A ɗaga janareta sama, a dinga tayar da shi ana gwadawa. Batirin oba-oba ma tsufa yake, a rubuta ranar sayensa a jikinsa, a ware kuɗin canji tun cikin kasafin farko.

Kuma dan Allah kafin a zaɓi manhaja a tambayi mai zama kan kujerar karɓar kira da ƙarfe uku na dare, a bar shi ya gwada ta, ya ƙirga sau nawa zai danna kafin mota ta tashi.