Darasi na 9: Kalmar tashi

Ku ɗora yatsa a kan wannan kalma: tashi. Gaɓa biyu ce, ta da shi. Idan s da h suka haɗu, sauti ɗaya suke bayarwa, irin na farkon shayi da shanu. Ku faɗa da ƙarfi: ta, shi, tashi. Madalla.

Kun san ta tun kafin ku riƙe fensir. Da asuba mutum ya tashi daga barci. Jirgin ƙasa ya tashi daga Rigasa ta Kaduna zuwa Abuja, wato ya kama hanya. In aka ce kasuwa ta tashi, ba sama ta yi ba, watsewa ta yi. Mai waina kuwa takan buɗe robarta da sassafe, ta ga ƙullu ya kumburo har baki yana 'yan ƙofofi, sai ta ce ya tashi.

To, ga inda kuke tuntuɓe. Ku rubuta: Kasuwa ta tashi. Ku ƙirga "ta" guda nawa kuka gani. Biyu ne. Ɗaya tana tsaye ita kaɗai, ɗaya tana manne da "shi". Ku rubuta "ta", ku ɗaga fensir, ku bar fili faɗin yatsa, sannan ku rubuta tashi. Kada ku ji kunya, baki ne ke sauri, hannu ya biye masa.

A sake. Mota ta tashi. Ta, fili, tashi. Iska ta tashi. Ta, fili, tashi. In kun yi shakka, ku gwada da namiji: yaro ya tashi, yarinya ta tashi. Ba wanda ke mance ya, to don me za a mance ta?

Haba jama'a! Makon jiya na duba littattafanku, sai ga "mota tashi" shafi bayan shafi. Sau nawa za mu maimaita? Wanda ke ajiye littafi daga Alhamis sai Litinin, kansa yake cuta. Kowa ya rubuta layi 10 kafin gobe: ta, fili, tashi.

Darasi na 10

Farashin gero ya tashi: ya yi tsada. Hankalinta ya tashi: ta shiga damuwa. Ya tashi a Zariya: can ya girma. Ku lura, tasha daban ce, wurin shiga mota ke nan, harafin ƙarshe ya raba su.

Darasi na 11

Taso: tashi ne zuwa inda kake. Hadari ya taso. Ku kwafa sau 5.