Yadda za a ƙara ƙarfin sabis a cikin ɗakin kwantena a daji

Jama'a, ga shawara ga masu aikin hanya da masu haƙar rijiyoyin burtsatse waɗanda ke kwana a ɗakunan kwantena nesa da gari. Sau da yawa sabis yana nan a waje, amma bangon ƙarfen ɗakin ne yake tare shi, shi ya sa waya ke kamawa a bakin ƙofa, ta ɗauke da zarar an shiga ciki.

Abin da ya fi dacewa shi ne a kafa eriya a kan dogon ƙarfe sama da rufin, a juya ta a hankali har ta fuskanci turken sabis mafi kusa, sannan a haɗa ta da na'urar rauta mai ɗaukar layin waya, wadda ke rarraba intanet ga wayoyin da ke cikin ɗakin. Kada igiyar da ta haɗa eriyar da rautar ta yi tsawo, domin ƙarfin sabis yana raguwa a cikinta kafin ya isa na'urar. Idan kira kawai ake bukata, a mayar da waya kan 2G, wanda yawanci ya fi kaiwa nesa.

A guji sayen na'urorin busta (masu ƙara ƙarfin sabis) marasa lasisi a kasuwa, domin hukumar kula da harkokin sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗi a kansu saboda suna dagula sabis na maƙwabta. Da damina kuma, lallai a haɗa ƙarfen eriyar da ƙasa saboda tsawa.