Yadda Ajiya a Akwatin Humido Ke Sauya Ɗanɗanon Tabar Ganye

Tabar ganye, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da hannu a Kuba, Nikaragua, Honduras da Jamhuriyar Dominika, babu takarda a jikinta. Ganye ce ciki da bai: ciko a tsakiya, ganyen ɗauri, sai rigar waje mai laushi. Ganyen taba kuwa halin soso gare shi, ya sha danshin iska, ya fitar, ya kuma kwashi duk warin da ya tarar kusa. Kara biyu daga kwali ɗaya, in aka ajiye su wuri daban-daban wata uku, sai ka rantse ba hannu ɗaya ya naɗe su ba. Aikin humido, akwatin katakon da ake ajiye ta, shi ne riƙe danshi wuri guda. Ajiyar ba ta rage wa taba illarta ga baki da huhu ko kaɗan, ɗanɗano kawai take tsarewa.

Ƙa'idar da aka fi yaɗawa ita ce danshi kashi 70 cikin ɗari da zafi digiri 21 a ma'aunin Salshiyas. Mafari ce mai kyau, amma ba dole ba ce. Kamfanin Habanos, mai fitar da tabar Kuba zuwa kasuwannin duniya, yana ba da shawarar kashi 65 zuwa 70 da digiri 16 zuwa 18. Tazarar nan ta kashi biyar a baki ake jin ta. A 65 kara yana ci daidai, zuƙa ba wuya, ɗanɗanon yaji, itace da gasasshiyar gyaɗa suna fitowa a fili. A 70 hayaƙi ya fi nauyi da sanyi, zaƙi ya ɗan taso. Da an haura 72 sai ciko ya kumbura ya toshe hanyar iska: ka yi ta zuƙa har kumatu su gaji, wuta ta yi ta mutuwa, ko ta ci ciki ta bar rigar waje, ɗaci da tsami su rufe komai. Ƙasa da 60 kuma kara ya ci da sauri, ya yi zafi, ya bar maƙaƙi a maƙogwaro. Mai yawan tabar Kuba, wadda sau da yawa naɗinta ke da matsi, ya tsaya a 65. Mai gauraye ya zauna a 69.

Cikin akwatin ana shimfiɗa shi da katakon da ake kira sida na Sifaniya. Sunan yaudara ne: itacen a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake fitowa, kuma danginsu ɗaya da maɗaci da darbejiya. Yana tsotse danshi in ya yi yawa, ya mayar in ya ragu, yana kuma ba taba wani ƙamshi mai ɗan yaji wanda bayan watanni yake shiga ganyen. Kada a sa kafinta ya maye gurbinsa da wani katako mai ƙamshi, kada kuma a shafa wa cikin fenti ko banish. Duk abin da hancinka ya ji a cikin akwati, shi bakinka zai ji a hayaƙi.

Sabon akwati busasshe ne. In ka zuba taba a ciki ranar da ka saye shi, katakon zai tsotse danshinta, cikin mako guda ka tarar da ita kamar karan dawa a rani. Sai an fara shayar da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce jakunkunan danshi irin na kamfanin Boveda masu lamba 84, lambar da ke nuna kashin danshin da suke riƙewa: mai giram 60 guda ɗaya ga kowane kara 25 da akwatin zai iya ɗauka, wato huɗu ga akwati mai cin kara 100. A rufe, a bar shi kwana 14 ba tare da leƙawa ba. In babu su, a sa ƙaramin kwano na tataccen ruwa a ciki, a rufe kwana biyar zuwa bakwai. Wasu kan goge katakon da jiƙaƙƙen soso don su yi sauri. Gara a haƙura, domin ruwa kai tsaye yana tayar da gashin katako, yana iya karkatar da murfi, kuma murfin da ya karkace ya gama aiki.

Tataccen ruwa ana nufin wanda aka tace ta tururi. Na famfo, na rijiya da na leda duk suna ɗauke da gishiri-gishiri da ke toshe soson danshi, suna kuma kawo fumfuna. A kantin magani ya kamata a neme shi. Ruwan batir da ake sayarwa a bakin titi wani yana da asid a ciki, kada a kusanta shi da taba.

Kafin a yarda da ma'aunin danshi, a gwada shi. A cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga ruwa kaɗan har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, ba narkewa ba. A sa shi da ma'aunin cikin roba mai murfin da ba ya shigar da iska, a bari awa 12 zuwa 24. Dole ya nuna 75. In ya nuna 71, ka san kullum za ka riƙa ƙara huɗu a kan abin da ya faɗa. Ma'auni mai allura da ke zuwa manne da akwatuna masu araha kwalliya ne kawai, na lantarki ya fi shi nesa ba kusa ba.

Abin ba da danshi iri-iri ne. Tsohon soson nan kore yana fitarwa ne kawai, bai san ya isa ba, sai in an jiƙa shi da haɗin rabi tataccen ruwa rabi wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, wanda ke tsayar da danshi wajen kashi 70. Jakunkunan danshi masu lamba 62, 65, 69 ko 72 suna fitarwa suna kuma tsotsewa, shi ya sa suka fi kwanciyar hankali. Idan jaka ta taurare, ta ƙare. Kada a haɗa lambobi biyu a akwati ɗaya, za su yi ta ja-in-ja ne har su mutu da wuri.

Jeri ma yana da tasiri. A bar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na akwatin fayau don iska ta zagaya, kuma duk wata a sauya wa kara wuri, na ƙasa su dawo sama, domin na kusa da abin danshi sun fi jiƙa. Kara tsirara da suka daɗe suna gogar juna kan yi musayar ƙamshi: mai laushin ɗanɗano in ya yi wata shida jikin baƙi mai ƙarfi, zai ɗauko wani abu nasa. In ana son kowa ya riƙe halinsa, a raba su da allon sida ko a bar su cikin ledarsu ta selofen. Ledar ba ta hana danshi shiga, rage masa gudu take yi, tana kuma kare riga daga ƙujewa. Taba mai ƙamshin da aka ƙara mata, kamar na banila ko kofi, ita kam gidanta daban. Haka shi kansa akwatin, a nisanta shi da ɗakin da ake turaren wuta, da kabad mai kafur ko humra, da kicin.

A ƙasar Hausa ba danshi ne kawai matsala ba. Hunturu yana saukar da danshin iska ƙasa da kashi 20 a Kano ko Zinder, lokacin da akwati mai sakin murfi ke tona asirin kansa. Gwajinsa: a sa tsinken takarda a bakin akwati a rufe, in ya zare ba turjiya, iska na fita. A marka kuwa, wajen watan Agusta, iskar ɗaki ta fi ta akwati laima, buɗewa ma ƙara danshi take yi. Sannan ga bazara, zafi ya haura digiri 40. Ƙwan ƙwaron taba, wanda kan zo ɓoye cikin ganye tun daga masana'anta, yana ƙyanƙyashewa idan zafi ya daɗe sama da digiri 23 ko 24. Alamarsa rami ƙarami zagayayye kamar hujin allura a jikin riga, da gari mai ruwan ƙasa a ƙasan akwati. Kara ɗaya na iya jawo asarar duka.

Riga-kafinsa sanyi ne. Duk sabuwar taba a ɗaure ta cikin leda biyu masu zif, kwana ɗaya a firji, kwana uku a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, kwana ɗaya kuma a firji, sannan a bar ta ta huce a ɗaki kafin a buɗe ledar. Tsallake matakan firjin ne ke fasa riga. A kuma tabbatar wuta za ta zauna kwanakin nan uku, in ba haka ba an yi aikin banza. Firji dai ba wurin zama ba ne: yana busar da taba, ya sa mata warin miya. Inda babu na'urar sanyaya ɗaki, roba mai matsattsen murfi da allunan sida da jakar 65, a sa cikin kula a ajiye a ƙasa cikin ɗaki mafi sanyi, ta fi akwatin katako mai murfin gilashi riƙe danshi. A dai riƙa buɗe ta ɗan lokaci duk mako biyu, domin sabuwar taba na fitar da warin amoniya, in ya rasa mafita sai ya koma cikin ɗanɗano.

Farin abu mai gashi-gashi a jikin riga fumfuna ce, ko da wani ya ce maka alamar tsufa mai kyau ce. In a riga kaɗai take, a goge da busasshen ƙyalle, a ware karan, a sauke danshi. In ta shiga bakin da ake kunnawa, a yar.

Tabar da ta bushe ana iya farfaɗo da ita, amma a sannu: mako biyu a 62, biyu a 65, sannan 69. In aka jefa ta cikin danshi mai yawa lokaci guda, ciko zai riga rigar waje kumbura, ta tsage tun daga sama har ƙasa. Laushi zai dawo, amma man ganyen da ya riga ya tashi ba ya dawowa, don haka ƙamshin zai yi rauni. Wadda ta jiƙa da yawa kuwa gyaranta ya fi sauƙi: a sa ta a busasshen kwalin sida kwana ɗaya ko biyu kafin a kunna, a hunturu ma awa kaɗan sun isa. Wadda ta sha doguwar tafiya a ba ta mako biyu zuwa huɗu a akwati kafin a yanke mata hukunci.